Bencin aiki na Suame Magazine: ƙafa huɗu, ƙarfin doki sifili

Masu walda a Suame Magazine, unguwar makanikai da maƙera a Kumasi, Ghana, suna haɗa wani injin da ba ya shan mai, ba ya neman batir, ba a kai shi ofishin lasisi, kuma giyarsa ɗaya ce tak, wato fakin. Sunansa bencin aiki. Duk fita, wato makanike, ko mai ɗan gareji a Aboabo, Asawase ko Tafo da ya gaji da kwance giyabos a tsugune, ƙarshe wajensu yake zuwa. Hukuncin a nan gajere ne: aikinsu ya cancanci kuɗinsa, amma da sharaɗin ka je da awonka a rubuce. In ka ce kawai "Masta, a yi mini mai ƙarfi", za a yi maka da na'urar nan ta zamani da ake kira ma'aunin ido, wadda ba a taɓa saita ta ba tun da aka haifi mai ita.

A fara da shasi. Girman da ya dace da ƙaramin gareji shi ne saman benci santimita 180 a tsawo, 70 a faɗi, tsayi daga ƙasa 90. Firam ɗin ƙarfen kuwa ya zama 170 da 60, don saman ya zarce da santimita 5 ta kowane gefe. Wannan zarcen ba ado ba ne, nan ne kilam, ƙarfen matse aiki a jikin benci, zai kama. Ƙarfen da za a nema shi ne bututu mai kusurwa huɗu, milimita 50 da 50, kaurinsa milimita 3. Yankan shi ne: ƙafafu 4 masu santimita 85, dogayen sanduna 4 masu 160, gajeru 6 masu 50, huɗu a gefuna, biyu a tsakiyar sama. Jimla mita 12.8. Sandar tana zuwa da tsawon kusan mita 6, don haka uku za a saya, ragowar kuma kada a bar wa shago, tana da aiki.

Kaurin nan ne wurin da ake yawan shan mutane. Bututu mai milimita 1.5 da mai 3, in an shafa musu fenti, uwarsu ɗaya ubansu ɗaya a ido. Ka sa kalifa, ma'aunin kauri, a bakin yanka ka karanta da kanka, ko ka ɗaga: mita ɗaya na mai kauri 3 ya haura kilo 4, siririn kuwa bai kai kilo 2 da rabi ba. Siririn yana da illa biyu. Sandar walda mai milimita 3.2 tana huda shi, sai a toshe ramin da tarin narkakken ƙarfe kamar kashin kaza, a goge da giranda, a rufe da fenti. Sannan duk lokacin da ka ƙulle noti a kansa sai bangon bututun ya lotsa, notin ya saki. Ga mai kauri 3, sandar walda lamba 6013 mai milimita 2.5 a wuta amfiya 70 zuwa 90 ta wadatar. In bututun mai rufin zinki ne, a goge rufin a wurin haɗi, a kuma yi waldar a sarari, domin farin hayaƙinsa yana sa zazzaɓi.

Wajen walda kanta, ƙwararrun Magazine ba sa buƙatar darasi daga kowa. Hannun da ke gyaran shasin tifa ba zai ji tsoron ƙafar tebur ba. Matsalar gaggawa ce, ko a miƙa wa sabon yaron shago. Ƙarfe yana janyewa idan walda ta huce, saboda haka wanda ya zuba cikakkiyar walda a kusurwa ɗaya kafin ya ɗana sauran, firam ɗinsa zai murɗe. Ƙa'ida ita ce a ɗiga walda kaɗan a duk kusurwoyi, a ja tef daga kusurwa zuwa kishiyarta. A firam mai 170 da 60, layukan biyu kowanne ya ba da santimita 180.3. In bambancinsu ya wuce milimita 3, a gyara da guduma tun ɗigon bai yi yawa ba. Daga nan a cika waldar ana tsallakawa, gaba da baya, hagu da dama. A kuma haɗa shi a kan shimfiɗaɗɗen siminti ko farantin ƙarfe. Wanda aka haɗa a kan jar ƙasar bakin shago, siffar wannan ƙasar zai ɗauko ya kawo maka gida.

Wannan ya kai mu ga sashen shokozoba. Benci mai ƙafa huɗu a daben da bai daidaita ba, da uku yake tsayuwa, ta huɗun tana rawa. Maganin da aka saba shi ne na'urar daidaita ƙafa mai hawa uku, wato kwalin sabulu da aka ninka sau uku. Tana aiki har ranar da ruwan sama ya shigo. Abin da ya kamata shi ne a rufe ƙasan kowace ƙafa da farantin milimita 6, a huda, a yi waldar noti M16 daga ciki, a ɗaura bolti kansa na taka ƙasa, da noti na biyu na kulle shi. Da sifana 24 za ka saita bencin cikin minti biyar. Wannan yana ƙara tsayi da kamar santimita 3, don haka a rage shi daga ƙafafun. Rufe ƙafar kuma yana hana ruwa kwanciya a cikin bututu, inda tsatsa ke ci daga ciki ba wanda ya gani.

Ragowar bututun nan a gicciya shi a baya, daga saman ƙafa ɗaya zuwa gindin ɗayar. Sau da yawa ba a sa shi sai an roƙa, alhali shi ne ke hana abin da injiniyoyin bakin titi ke kira rawar adowa ta gefe (adowa rawar gargajiya ce ta Asante). Benci zai iya ɗaukar injin mota mai silinda huɗu bai ce uffan ba, amma ka kama ƙarfe a bayis, matsen ƙarfen da ake ɗaurawa a kan benci, ka fara zarto, sai ka ga yana bin hannunka gaba da baya. Nauyi daga sama ƙafafu ne ke ɗauka, turi daga gefe kuwa sai gicciye.

Saman benci ba aikin Magazine ba ne, na Sokoban ne, kasuwar katako. A nan za a yi maka tayin wawa saboda araha da sauƙin fiƙa. Wawa katako ne mai kyau ga silin da akwati, amma a benci sunansa ya bi shi: yana da laushi, kan bolti yana nutsewa a cikinsa, ƙwaro yana son sa. Odum shi ne sarki, gara ba ta cika damunsa ba, sai dai tsada. Dahoma ma tana da nauyi da juriya, amma ƙurarta tana damun hanci da ido, a ɗaure fuska wajen gogewa. Kauri santimita 4 bayan an feƙe. Tambayar da ta fi sunan katakon muhimmanci ita ce ko ya bushe. Ɗanyen katako da aka ɗaure a watan Yuni, in hunturu ya busa a Janairu zai tsuke, ya buɗe tsagar da wasan noti (zoben da ake sa wa a ƙarƙashinsa) da ƙananan kusoshi za su riƙa ɓacewa a ciki. Ramukan ɗaurewa a firam a yi su 'yan dogaye, don katakon ya samu wurin motsi ba tare da ya tsage ba.

Mai son sauƙi ya haɗa filawud biyu masu milimita 18 da gam da sukurori. Ga wani lissafi da ke ceton kuɗi: fallen filawud santimita 122 ne da 244. In faɗin benci 70 ne, falle biyu za ka saya. In ka yarda da 60, falle ɗaya aka raba biyu ya isa, sai a rage faɗin firam zuwa 50.

A kan katakon a shimfiɗa farantin ƙarfe mai milimita 3. Katako yana shanye ƙarar guduma, ƙarfe yana hana baƙin mai shiga. Farantin kaɗai, ba katako a ƙasa, ganga ce; maƙwabta za su san duk bugun da ka yi. Amma kada ka mai da wannan saman teburin walda, zafi yana ratsa milimita 3 ya kama katakon ƙasa yana ci a ɓoye. Nauyin duka: firam kusan kilo 55 ban da gicciye, faranti kusan 30, odum kusan 33. Ya kai kilo 120 kafin a ɗora bayis. Aboboya, babur mai ƙafa uku na ɗaukar kaya, za ta ɗauka, amma a auna ƙofar garejin tukuna.

Bayis shi ne sitiyarin wannan mota, kuma a nan ne kuskure ya fi tsada. A ɗaura shi a kusurwa, daidai kan ƙafa, don bugu ya sauka kai tsaye ƙasa. A tsakiyar benci katako zai riƙa yin sifirin, rabin ƙarfin gudumarka ya tafi a banza. A yi waldar faranti mai milimita 6, santimita 20 da 20, a kusurwar firam, bolti M12 ya ratsa faranti da katako gaba ɗaya. Ramin milimita 13, sifana 19, wasa mai faɗi a ƙasa. Sukurorin katako ba su da wuri a nan. Muƙamuƙin baya ya ɗan zarce bakin benci, don doguwar sanda ta iya sauka tsaye. Tsayinsa kuwa, saman muƙamuƙi ya zo daidai gwiwar hannunka; a benci mai 90 da bayis mai inci 6, mai matsakaicin tsayi zai ji daɗi. Yawancin masu araha na zubin ƙarfe ne, suna jure matsi amma ba sa jure duka, suna fashewa kamar tukunya. Wanda ya zura bututu a hannun bayis don ƙarin ƙarfi, abin da ake kira tabocajan talaka, shi ya san inda zai sayi sabo. Tsohon bayis samfurin Record na Ingila, in an dace da shi a kayan gwanjo kuma zarensa bai cinye ba, ya fi sabon da ba suna.

Wuta: soket biyu masu baki uku, amfiya 13, waya mai milimita 2.5, a gaban benci ƙarƙashin zarcen, don wayar giranda kada ta bi ta kan aiki. Dole a haɗa firam ɗin da wayar ƙasa, mai kare mutum daga jan wuta. Benci ne na ƙarfe a kan siminti mai laima, wutar kuma volt 230 ce. Ranar dumsor, wato in an ɗauke wuta, bencin yana aiki yadda ya saba, wannan kam babu injin da ya kai shi.

Fenti shi ne raunin ƙarshe. Wasu suna feshe baƙi ko shuɗi a kan tsatsa da maiƙo, damina ɗaya ya fara ɓarewa. A kankare dattin walda, a goge da burushin waya, a wanke da tina, ruwan tsinka fenti, a shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu kafin launi. Farantin sama ba a masa fenti, ɗan mai a tsumma ya ishe shi.

Gwajin gudu: daga sifili zuwa cikakken tarin tarkace, kwana 3. Amfanin mai: ba ya sha, amma yana tarawa. Lahanin da har yau ba masta ɗin da ya gano maganinsa shi ne sifana lamba 10, wadda ke ɓacewa ko da an yi wa bencin katanga mai santimita 10 a baya. A dai yi katangar, tana tare sauran.