Tambarin Maƙeri ko Hatimin Hukuma: Wanne Ke Faɗin Shekarun Ma'aunin Kuza?

Masu tara tsofaffin ma'aunan kuza na Ingila, wato kofunan awon abin sha da aka ƙera da kuza, sun sha tambayata alamar da ya fi dacewa a dogara da ita. Tambarin maƙeri, wanda galibi yake cikin gindin ma'auni, yana nuna wanda ya ƙera shi, sai dai yakan goge, kuma gano mai shi na buƙatar bincike mai tsawo. Hatimin hukuma, wanda ke tabbatar da cewa awon ma'auni daidai ne, ya fi sauƙin karantawa, domin daga 1879 an riƙa buga kambi da haruffan mai sarauta (VR a zamanin Sarauniya Victoria) da lambar gunduma, amma lokacin tantancewa kawai yake nunawa, wanda zai iya zuwa shekaru bayan ƙira. Sabon shiga ya fara da hatimi, mai neman asalin kaya kuwa ya bi tambari.