Murjani mai ƙashi a akwariyum ɗin gida: wanne zai iya da zafin Yamai?

Duk wanda ya bar kifin ruwan daɗi ya koma akwariyum na ruwan gishiri, ko ba daɗe ko ba jima idonsa zai faɗa kan murjani mai ƙashi. Dabba ce mai baki da ƴan yatsu kewaye da bakin, tana zuƙar kalshiyom daga ruwa tana gina wa kanta ƙashi irin na alli. Ta nan ake gane shi: kaɗa ruwa kusa da shi, naman zai tsuke, ramuka da tsinin ƙashi su bayyana. Wanda ya lanƙwashe gaba ɗaya ba wani tauri a ciki, mai laushi ne, kasuwarsa daban.

Masu harkar sun kasa shi gida biyu: SPS masu ƙananan baki, da LPS masu manyan baki da nama mai kauri. Ni dai ma'aunina guda ne. Wanne zai kai magariba da rai ranar Afrilu, kuran ya tafi tun azahar, waje ya haura digiri 40? Murjani ruwan digiri 24 zuwa 26 yake so. A cikin namansa akwai ƴan mitsi-mitsin tsirrai, zooxanthellae, masu sarrafa haske su ciyar da shi. In ruwa ya daɗe sama da digiri 30 sai ya kore su, ya yi fari fat, yunwa ta ƙarasa shi. Bazara guda ta taɓa cinye mini akwariyum ta wannan hanya, shi ya sa kowane iri da wannan ido nake dubansa.

Acropora, wanda hotunansa suka cika intanet, bar wa mai gurup da ba ya mutuwa. Montipora ya fi shi haƙuri kaɗan, amma shi ma fitila mai ƙarfi da guguwar ruwa yake nema. Euphyllia akwai kyau, akwai tsada, yana harbin maƙwabcinsa da dogayen yatsu, kuma in ya ji rauni a hanya wata ruɓa mai yauƙi, launin ƙasa-ƙasa, takan narkar da shi cikin ƴan kwanaki. Goniopora ya yi suna wajen mutuwa a hankali. Tubastraea ba ya cin haske ko kaɗan, kowane baki sai ka ɗura masa abinci da hannu.

Caulastrea nake ba sabon shiga, shi nake ba ma wanda ya daɗe. Kowane kai nasa yana zaune kan reshensa, faɗinsa bai wuce kan babban yatsa ba, kore ko ruwan ƙasa mai zane-zanen fari. Wannan rabuwar rassa ita ce babbar fa'idarsa a gari irin namu: kai ɗaya ya lalace, ka sa almakashin ƙarfe ka datse reshen, sauran su ci gaba da rayuwa. Matsakaicin haske ya ishe shi, don haka fitilarka ba za ta ƙara dafa ruwan ba. Ruwa mai tafiya a hankali yake so, ƙaramin famfo kan batir zai riƙe shi sa'ad da wuta ta ɗauke. Kuma yana cin abinci. Kashe fitila, ka jira kaɗan, ka haska shi da tocila: za ka ga ƴan yatsu farare sun fito kewaye da baki, ka ɗiga masa guntun jatan lande, ya naɗe shi ya rufe. Murjanin da ke ci da bakinsa yana da abin dogaro ko da zafi ya rage masa tsirran jikinsa. Bayan ƴan watanni za ka ga baki ɗaya ya miƙe ya zama biyu, kan ya tsage gida biyu. Haka yake yawaita har ka samu na kyauta. Murjanin Duncan, ɗan Ostiraliya, yana bin bayansa a haƙuri da cin abinci, in ka samu kada ka ƙi.

Kada a ji ni ba daidai ba, Caulastrea ma ba ya shan zafi ya zauna lafiya. Sai da kilim a ɗakin ko injin sanyaya ruwa. Fanka da ke busa saman ruwa tana taimakawa sosai a busasshiyar iskarmu, amma ruwa zai riƙa ƙafewa gishiri ya yi yawa. Ciko da tataccen ruwa marar gishiri ake yi, wanda ya bi ta matatar osmos, ba na famfo kai tsaye ba. Riƙe nauyin gishiri a 1.025, kalshiyom tsakanin miligiram 400 da 450 a kowace lita, KH, wato ma'aunin kabonat da ke cikin ruwa, wajen 8.

Yanzu ga inda ake cin mutane. Wannan ba kayan Wadata ko Katako ba ne, teku mafi kusa tana nesa da mu da wajen kilomita dubu, saboda haka kusan kowa ta WhatsApp da Facebook yake saye, kayan su zo ta jirgi. Hoton da za a turo maka an ɗauke shi ƙarƙashin shuɗiyar fitila, wadda ke sa ko murjani mai launin ƙasa ya yi walƙiya. Ce a turo maka bidiyo da farar fitila, ruwa na motsi, da takarda mai kwanan watan ranar a gefen gilas. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

In an ce maka ga wani fari tas, irinsa ba ya samuwa, mara lafiya ne ake son sauke maka. Launi guda mai kama da na rini, har ƙashin ya ɗauka, rini ne, zai wanke ya bar ka da gawa. Akwai masu sayar da busasshen ƙashi da aka yi wa fenti su ce barci yake, zai buɗe in ya saba da ruwa. Ba zai buɗe ba. Jan murjanin da iyayenmu mata ke sawa a wuya kuwa wani jinsi ne na Bahar Rum, kada a haɗa maka su a ciniki.

Dubi gindin reshe ma. Wanda aka yanka jiya aka manna da gam za ka ga farin ƙashi tsirara a wurin yankan. Wanda ya warke, nama ya sauko ya rufe gefen. A kan Caulastrea, kai mai lafiya a kumbure yake, ba a ganin tsinin ƙashi ta cikin nama. Sunaye masu daɗin ji da dillalai ke laƙabawa don ninka farashi, yi watsi da su, ka nemi sunan kimiyya.

Sai takarda. Duk murjani mai ƙashi yana cikin jeri na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasashe, Nijar kuma tana cikinta, don haka sai da izinin fitarwa daga ƙasar da ya fito. Indonesiya ma ta tsayar da fitar da shi a 2018, ta sake buɗewa a 2020 ga wanda aka noma a teku. Dillalin da ya ce zai saƙa maka shi cikin jakar matafiyi, tambaye shi wa zai biya in ƴan duwan suka riƙe kayan a filin jirgin Diori Hamani. Murjani a leda, in ya wuce kwana biyu, sai addu'a.

Ku yi yarjejeniya tun kafin kuɗi su fita: wanda ya iso a mace, hoto cikin ledar da ba a kwance ba, a mayar da kuɗi. Ka yi odar a watan Disamba ko Janairu, lokacin hunturu, kuma sabon zuwa ya yi ƴan makonni a ƙaramin akwariyum shi kaɗai, don tsutsotsi da ƙwansu a gindin reshe suke ɓuya.