Canton Fair: ka sauka Pazhou ko Xiaobei?

In za ka Canton Fair, babban baje kolin kasuwanci da ake yi a birnin Guangzhou na ƙasar China, tun daga gida ka yanke inda za ka sauka. Otal ɗin unguwar Pazhou kusa yake da wajen baje kolin, ka fito da sassafe ka shiga kafin cunkoso, ƙafa ta gaji ka dawo ka huta, amma fa kuɗin ɗaki a Afirilu da Oktoba, lokacin da ake baje kolin, tashi yake sosai, abincin halal ma sai ka nema. Unguwar Xiaobei kuwa nan 'yan uwanmu 'yan Afirka suke, ga halal ga sauƙin kuɗi, sai dai kullum sai ka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa ka canza layi kafin ka kama layi na 8 mai zuwa Pazhou, da yamma kuma mutane maƙil ga jakar samfur a hannu. Ni dai zuwan farko Xiaobei zan ce maka, saboda za ka samu mai nuna maka hanya.