Elmina, Ganbiye ko Jamestown: wane garin masunta ya cancanci kuɗin motarka?

Tun da na ɗora hotunan kwale-kwalen nan mutane ke ta tambayata wai in mutum na son ganin tsohon garin masunta na bakin ruwa ina ya kamata ya nufa. To ni dai ba zan yi ɓoye-ɓoye ba, Elmina ta ƙasar Gana nake so, sauran ma zan faɗe su ne don kar a ce na yi son kai.

Abu na farko da nake dubawa yanzu shi ne, in raina ya ɓaci zan iya juyawa da ƙafata? Dalilin wannan tambayar Ganbiye ce, ta jamhuriyar Benin, garin da ke tsaye kan turaku a tsakiyar tafkin Nokuwe kusa da Kwatano. Tarihinsa akwai daɗi, mutanen Tofinu ne suka gudo cikin ruwa don tsira daga masu kamen bayi na Dahomey, har yau kasuwarsu a kan kwale-kwale take ci. Amma daga Abome-Kalabi sai ka hau jirgin ruwa, kuma ni wani ɗan tsurku na bi wanda ya tare ni tun kafin na isa wurin yankan tikiti, ya ce nasa ya fi araha. Sai da muka yi nisa har na daina hango tudu ya kashe inji ya ce ai sefar da na ba shi ta zuwa ce kawai, ta dawowa daban. Ba rigar ruwa a jirgin, ni kuma ko a kududdufi ban iya iyo ba. Na biya mana, me zan yi? Laifina ne da na bi araha, amma tun daga ranar duk garin da sai mai tuƙi ya ga dama zan fita to ya rage maki a wurina.

Jamestown ta Akara kuwa tana da hasumiyar fitilar jiragen ruwa da tsohuwar ganuwar James Fort, awa biyu sun ishe ka, cikin birni ce, hayaniya ce kawai. Essawira ta Maroko jiragenta shuɗaye gwanin kyau amma iska ba za ta bar ka ka sake ba. Lamu ta Kenya ga jakuna ga Maulidi, sai dai nisa da kuɗin jirgi.

Elmina fa, wadda 'yan garin ke kira Edina, komai nata da ƙafa ake yi. Turawan Fotugal ne suka gina katafaren gidan nan na bakin teku, wato Elmina Castle, a 1482, 'yan Holan suka ƙwace shi a 1637, Ingilishi suka karɓa a 1872, UNESCO kuma ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1979. Za a shiga da kai ɗakunan da aka tsare bayi, a nuna maka 'yar ƙofar da ake fitar da su zuwa jirgi, wadda sai ka karkace kafin ka wuce, wallahi na fito ban iya magana ba. Amma ni abin da ya fi riƙe ni gadar da ke kan ruwan Benya ce, dab da ginin. Ka je da sassafe ka tsaya a kai, kwale-kwale na shigowa ɗaya bayan ɗaya ta ƙarƙashinka, kowanne da fentinsa da tutocinsa, samari na jan igiya suna waƙa da yarensu na Fante, mata sun shiga ruwa har gwiwa da manyan bahuna suna cinikin kifi tun kafin a sauke taru. Ƙarni kam akwai shi, ga hayaƙin banda, kar ka sa fararen kaya ko takalmin da kake ji da shi. In ka gaji ka hau tudun tsohuwar ganuwar Fort St. Jago, daga can garin gaba ɗaya a tafin hannunka yake. Cape Coast ma ba nisa, kamar kilomita 12, in kana son ƙari.

Kar ka je ranar Talata, masunta ba sa fita teku ranar, gyaran koma kawai za ka tarar. Sai dai in Talatar farko ta Yuli ce, ranar Bakatue, bikin buɗe kamun kifi na garin, wannan kam cika take yi maƙil, ka nemi masauki da wuri. Kuma ka kwana a garin, masu zuwa da azahar su juya gini kawai suke gani.

Yanzu maganar 'yan damfara, don Elminar ma ba ta tsira ba. A bakin ƙofar katafaren gidan nan samari za su zo da fara'a su tambayi sunanka, ka faɗa, ka shiga, kana fitowa sai ga sunanka an rubuta raɗau a jikin kwanson katantanwar teku, wai kyauta ce, kana karɓa sai ga takardar neman taimakon kulob ɗin ƙwallo an miƙo. Kar ka faɗi suna, kar ka karɓi komai a hannu. Tikiti a ciki ake yanka, da rasit, masu zagayawa da baƙi ma na ciki ne, duk wanda ya tare ka a titi ya ce shi gaid ne ka ce an gode. Wanda ya ce zai kai ka yawo a kwale-kwale, ku gama magana a tudu: nawa, sidi ko dala, kowane mutum ko duka jirgin, zuwa da dawowa ne, minti nawa, sannan ka ga rigar ruwa da idonka. Rabin kuɗi ka bayar, sauran sai ƙafarka ta taka yashi. Hoto ma ka nemi izini, matan kasuwar kifi ba sa wasa, wata ta yi min tas da yaren da ban ji ba amma na gane sarai. Kuma ka tanadi canji ƙanana, don da ka fiddo babbar takarda shi ke nan, kowa a garin ba shi da canji.