Shagon tsofaffin kuɗin azurfa a Jos: kaya masu kyau, sai dai gugar ta yi yawa

Masu tambayata inda nake samun tsofaffin kuɗin azurfa a Jos, wani ɗan shagon kayan gargajiya ne, ba nisa da gidan adana kayan tarihi. Mai shi dattijo ne, kuɗin kuwa suna cikin tasa a ƙarƙashin kanta, sai ka tambaya yake fito da su.

Liyari ya fi yawa, irin wanda kakanninmu mata ke ratayawa a wuya. Hoton da ke jikinsa na Mariya Tereza ne, sarauniyar da ta mulki Ostiriya daga 1740 zuwa 1780, a bayansa kuma gaggafa mai kai biyu. Kusan kowanne ka ɗauka 1780 za ka gani, kuma da wannan ake cutar mutane, a ce musu tun zamaninta aka buga shi. Alhali bayan rasuwarta an ci gaba da bugawa da wannan shekarar, domin 'yan kasuwa daga ƙasashen Larabawa zuwa Habasha har Barno shi suka sani, shi suka yarda da shi. An buga shi har a Landan da Bombay, a Ostiriya ma har gobe ba a daina ba.

Na ce, "Baba, wannan zai shekara nawa?" Ya ce, "Malam, azurfa nake sayar maka, ba shekaru ba." Ya ɗora a sikeli, giram 28, yadda ya kamata, sannan ya juya min gefensa in ga rubutun da ke zagaye. Wannan gaskiyar ce ta sa nake komawa.

Akwai sulalla da fataka (kuɗin sule biyu) masu hoton Sarauniya Biktoriya ta Ingila, wadda ta yi sarauta daga 1837 zuwa 1901. Su na fi so, tunda daga 1920 Ingila ta mayar da kuɗinta rabi azurfa, rabi wani ƙarfe. Na ga faran biyar guda ɗaya, kuɗin Faransa na zamanin sarkinta Napoleon na Uku, amma an huda shi.

Abin da ke ɓata min rai guga. Yaron shagon yana dirje su har sai sun yi ƙyalli, wai don su ja ido, alhali baƙin nan na tsufa shi masu tarawa ke nema, dirzar kuma tana cinye zanen gashin sarauniyar. Farashi ba a rubuce yake ba, sai ciniki. In ka je, ka ce a fito maka da waɗanda ba a taɓa ba, suna cikin wani gwangwani daban.