The Road to Escondido: faifan da ba ya gaggawa

Duk wanda ya sayi wannan faifai don ya ji Eric Clapton yana barje gumi a kan jita, to ya yi haƙuri. A 2006 ya fito, da sunan mutum biyu a jikinsa, J.J. Cale da Clapton, amma da ji ka san gidan Cale aka shiga. Cikin waƙoƙi 14, shi ya rubuta 11, kuma garin Escondido ɗin ma yana kusa da inda ya zauna a Kalifoniya.

Clapton ya daɗe yana cin albarkacin bawan Allahn nan, don waƙoƙin "After Midnight" da "Cocaine" da Clapton ya rera duk Cale ne ya rubuta su. A nan sai ya sauke girman kai ya bi salon mutanen Tulsa, garin da Cale ya taso: ganga a hankali, jita ta faɗi biyu ta yi shiru, murya ƙasa-ƙasa. Abin da ya fi burge ni ke nan. Da na sa abin ji a kunne na kunna "Danger", na yi ta mayar da ita baya ina neman wane ne ke rerawa, na kasa raba su. Muryoyin sun narke cikin juna, ga kuma ogan ɗin Billy Preston yana bin su a baya. Preston ya rasu a 2006 ɗin, kafin faifan ya fita, yana cikin waɗanda aka sadaukar wa da shi.

Baƙin makaɗa kuwa an tara su, Derek Trucks, John Mayer, Albert Lee, Taj Mahal, amma ba wanda ya nemi a san da shi.

Inda nake da ƙorafi shi ne tsawo. Kusan awa guda ana tafiya ɗaya, har wasu waƙoƙin tsakiya suka fara yi mini kama da juna. Da an rage uku, da ya fi armashi. "Dead End Road" ce ke farkar da mutum, da sauri da kuma wani goge irin na ƙauyukan Amurka.

Faifan ya ci kyautar Grammy a 2008, kuma ban ga laifin alƙalan ba. Sai dai wanda bai taɓa jin Cale ba, ni dai zan ce ya fara da faifansa na farko, Naturally, sannan ya zo nan.