Kokot ta iya wake, amma a raba ta da kanwa

Wata 4 ke nan ina girkin dare da kokot, wato tukunyar nan mai kulle tururi, mai lita 7, ta alminiyom, mai ɗan ƙarfe a saman murfi da ke rawa yana fito. Ga wadda take tasowa daga aiki bayan la'asar kuma ana jiran abinci kafin isha'i, tana da amfani, wannan ba gardama. Naman sa mai tauri da kan ci sa'a ɗaya da rabi a tukunyar gargajiya, minti 25 ya ishe shi. Ƙafar sa minti 45. Tururin da aka kulle ne ke sa ruwan ya kai kusan digiri 120 maimakon 100, shi ya sa.

Sai dai mai shagon da ya ce mini "Hajiya, minti 10 kin gama wake" bai faɗi gaskiya duka ba. Ana fara ƙirga lokaci ne daga sanda ta fara fito, ba daga sanda aka ɗora ba. Kafin ta yi fito minti 7 zuwa 10 sun tafi, bayan an sauke kuma sai an jira wasu 10 tururi ya sauka. Kuma bai ce komai ba a kan kanwa, alhali ya san babu gidan da ake dafa wake a Damagaram ba a jefa ta ba.

Ga abin da kanwa ke yi. Wake dama yana kumfa, kanwa kuma tana ninka kumfar. A buɗaɗɗiyar tukunya sai dai ta zubo a goge. A kokot ba ta da wurin zuwa, sai ta hau ta kwashi ɓawon wake ta cusa cikin ɗan ramin da tururi ke fita. Ranar da abin ya faru, wake rabin tiya ne da guntun kanwa, ruwa ya haura rabin tukunya. Ta yi fito kamar minti 3, sai ta yi shiru. Shirun nan shi ne alamar ramin ya toshe, ba wai waken ya nuna ba. Can sai ɗan makarin tsaro da ke gefen murfi ya buɗe da ƙara, ruwan wake ya yi tsiri ya fesa rufin ɗakin girki da bango. Allah ya tsare babu yaro kusa. Aka kwana ana goge bango, a garin da jarkar ruwa ba abin wasa ba ce. Cikin tukunyar kuma ya yi baƙi-baƙi, don kanwa tana cin alminiyom, har yau bai koma yadda yake ba.

Duk wadda ta ji kokot ta yi shiru alhali wuta na ci, ta kashe gaz nan take, kada ta taɓa murfi, ta bar ta ta huce. Sannan kafin kowane girki a ɗaga murfin a kalli haske ta cikin ramin, in ba a ga haske ba a zura tsinke.

Yadda garau-garau ke fita daidai yanzu: wake kofi 2, ruwa kofi 6, mai cokali 1 don ya kwantar da kumfa, babu kanwa ko kaɗan. Da ta fara fito a rage wuta can ƙasa, minti 12. A sauke a jira. A buɗe a zuba shinkafa kofi 3 da gishiri, ruwa ya haura ta da gaɓar yatsa ɗaya, a rufe, minti 5 bayan fito, a sake jira. Duka kusan minti 50 ne, kuma wake kada ya wuce rabin tukunya. Da yake babu kanwa, garau-garau ba ya yin jan nan da aka saba, yara sun yi ƙorafi makon farko, amma da yaji da man gyaɗa suka hau kai kowa ya yi shiru.

Kuka da kuɓewa ba nata ba ne. A dafa naman a ciki, a buɗe, sannan a kaɗa miyar babu murfi. Tumatirin gwangwani ma in ya kwanta a ƙasa kamawa yake yi kafin ta yi fito, sai a ɗora shi a saman nama kada a juya. A kan gawayi kuwa ban ba da shawara ba, wutar ba ta raguwa yadda ake so, kuma tana lasar hannun roba.

Da na ce in yafe mata, sai robar murfi ta fara sakin tururi ta gefe, wata 4 kacal. In tana haka ba za ta yi fito ba, gaz kawai take sha. Na zaga Kasuwar Dole da tsohuwar robar a hannu, wadda na samu ko ta yi faɗi ko ta yi ƙanƙanta, tawa mai santimita 24 ce. Mai shagon kuma cewa ya yi in sayi sabuwar tukunya. Don haka wadda za ta saya, ta fara tambayar robar canji, ta gwada ta a murfin a gabansa, ta sayi 2 ta ajiye a inuwa. In ya ce babu, ta bar masa kayansa.